Manjon Da Ba Ya Taɓa Shebur

Herr Renz ne ya koya min shara. Uwata ta yi shekara goma sha tara tana fama da ni ba ta ci riba ba, sai ga wani tsoho mai ɗingishi, mai yatsa uku a hannun hagu, ya gama da ni a safiya ɗaya.

Gidanmu a garin Reutlingen na Jamus bene ne hawa uku, iyali shida, allon shara kuwa guda ɗaya. Ɗan katako ne da zanen tsintsiya a jiki, an rubuta Kehrwoche, wato makon shara. Ranar da ka buɗe ƙofa ka gan shi a rataye, to makon naka ne: matakala daga sama har ƙasa, ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, duroman shara, da daɓen ƙofar gida har iyakar maƙwabta. In lokacin sanyi ne, dusar ƙanƙarar da ta zuba ma taka ce, ka kwashe ta kafin mutane su fara fita aiki. Mu nan gara a ce wa mutum ɓarawo da a ce bai fitar da makonsa ba. Kuma ba a yi wa wani nasa. In ka ɗauki tsintsiya a makon maƙwabcinka, kamar ka tsaya a tsakiyar titi ne ka yi shela cewa ƙazami ne, ko kuma ta ƙare masa.

Makona na farko na ɗan goga nan, na ɗan goga can, na ce ya isa. Frau Kienzle ta hawan ƙasa, wadda labulen tagarta bai taɓa rufuwa ruf ba tun da aka gina gidan, ta fito ta bi ƙarfen matakala da yatsa, ta ɗaga yatsan saitin hancina. Na ce mata in ƙurar take so ta tafi da ita, kyauta ce. Sai na ji gyaran murya daga sama.

"Fräulein Silke, daga ƙasa kika faro ko?"

"To daga ina ake farowa?"

"Daga sama. Ƙura ba ta hawa bene, saukowa take yi."

Ya sauko a hankali yana jan ƙafar dama, ya karɓi tsintsiyar. Dogo ne, siriri, rigarsa a goge kamar mai shirin zuwa coci, alhali shara zai yi. "Lungu tukuna," in ji shi. "Tsakiya kowane wawa ya iya." Ya ɗaga tabarmar ƙofata da kan takalmi, muka leƙa ƙarƙashinta tare, ya mayar da ita a hankali kamar mai rufe gawa. Dariya ta kubce min, shi ma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Frau Kienzle ce ta tsegunta min ko shi wane ne, don magana ba ta kwana a cikinta. "Manjo ne fa a yaƙi. Har irin lambar nan da ake ratayawa a wuya aka ba shi." Washegari na ƙame a matakala na sara masa.

"Barka da asuba, Manjo."

"Herr Renz ya isa."

Ban daina ba, shi ma bai daina gyara min ba.

Yawancin labarinsa a bakin matarsa na ji, Frau Irmgard, 'yar guntuwar tsohuwa mai saurin tafiya. A shagon burodi nake aiki, in an tashi nakan kawo musu ragowar Brezel, burodin nan mai gishiri da ake murɗawa, ita kuma ran Lahadi ta kira ni shan kofi da kek ɗin tuffa. Shi yana gefe da jarida, yana yi kamar ba ya ji.

A wani ƙauye aka haife shi can kan tudun Alb, inda gona ta fi ba da duwatsu a kan dankali. Ubansa durom ɗin katako yake haɗawa, su takwas ne a gidan, takalmin kirki kuwa sai dai a yi karɓa-karɓa. Frau Irmgard ta ce saboda takalmi ya shiga soja. Ranar nan ya sauke jaridar.

"Kar ki gyara min, Irmgard. Takalmi na ciki, amma na yarda da 'yan Nazi. Na ɗaga hannu kamar kowa, kuma da zuciya ɗaya na ɗaga."

Wannan ta tsaya min a rai, don kakana ma ya yi yaƙin, kuma in ka ji shi sai ka rantse duk Jamus ba a taɓa yin ɗan Nazi ko ɗaya ba, kowa direba ne ko mai dafa abinci.

Yaƙi ya kai shi Poland, Faransa, sannan Rasha. A wani hutu da aka ba shi suka yi aure, rigar amarya daga labulen falon gwaggonta aka ɗinka ta. Bai kai talatin ba ya zama Manjo. Na ce lallai gwani ne. Ya ce a'a, na sama da shi ne suka yi ta mutuwa. Ƙarshen yaƙi Rashawa suka kama shi, ya yi shekaru yana sare itace a wani daji da ko sunansa ba na iya faɗa. Ranar da ya dawo ta je tashar jirgin ƙasa tarbarsa.

"Sau biyu ina wuce shi," in ji ta. "Ina neman mijina, wani tsoho mara haƙora yana ta kallona, har na ji haushi."

"Ta kusa kira min ɗan sanda," in ji shi ta bayan jarida.

"Da na kira da na huta."

Daga nan ya samu aikin kula da sito a wata masaƙa, a nan ya zauna har ya yi ritaya. Ɗa ɗaya suka samu, Volker. Shi ke nan rayuwar: sito, coci, lambu, makon shara.

Lambar kuwa na gan ta sau ɗaya. Maɓallin kwat ɗina ne ya cire, Frau Irmgard ta juye gwangwanin maɓallanta a kan tebur, sai ga wani baƙin gicciye na ƙarfe ya faɗo tare da su. Ta ture shi gefe da yatsa ta ci gaba da neman mai rami huɗu. Wata rana kuma wani ƙato mai jaket ɗin fata ya zo tun daga Nürnberg wai yana tara irin waɗannan abubuwa, yana son ya gaisa da jarumi, a yi musu hoto. Herr Renz ya saurare shi a bakin ƙofa har ya gama, sannan ya ce masa, "Ka shigo mana da taɓo. Makon Frau Kienzle ne, in ni ne kai da na sauka a guje." Ya rufe ƙofarsa.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Mutumin da yake goge ƙarfen matakala har ka ga fuskarka a ciki, da zarar ƙanƙara ta zuba a makonsu sai ka neme shi ka rasa. Frau Irmgard ce za ta fito da asuba, ta naɗe kai da gyale, ita da sheburin kusan tsawonsu ɗaya. Shi ko taga ba ya leƙowa, sai dai ka jiyo rediyonsa a ƙure.

"Manjo ba ya taɓa shebur," in ji Frau Kienzle. "Yana da kurtunsa."

Ni kuwa na tambayi mai abin kai tsaye. Na ce, "Frau Irmgard, ƙaton namiji yana kwance a ɗumi, ke kina waje kina karya ƙugu. Wannan wane irin aure ne?"

"Kowane aure da rabon aikinsa. Shi yake wanke tagogi." Ta tura min faranti. "Ci kek ɗinki."

A watan Yuni ta rasu. Shanya take yi a bayan gida, ta zauna a benci ta ɗan huta, ba ta tashi ba. Aka binne ta a bayan cocinmu, tafiyar ƙafa daga gida. Kullum da la'asar sai ka gan shi ya nufi can da butar ban ruwa.

Volker ya zo daga Hannover. Kar na yi masa sharri, ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. A matakala suka yi maganar, kuma a gidanmu maganar matakala ta kowa ce.

"Baba, na samo maka wuri a gidan tsofaffi kusa da mu. Akwai masu jinya, akwai lambu."

"Nan ma akwai lambu. Uwarka kuma tana nan bayan coci."

"Ka kusa tamanin, ƙafarka ɗaya ce mai aiki. In ka faɗi fa?"

"Sai na tashi."

"Baba."

Sai tsohon ya ce, "To ji nan, yaro. Ranar da na kasa fitar da makona, ka zo ka ɗauke ni, ba za ka ji gardama daga bakina ba. Ga hannuna." Suka tafa. Kafin Volker ya shiga mota ya tsaya a hawan ƙasa ya bar wa Frau Kienzle lambar wayarsa. An ba kura ajiyar nama.

Da yamma na hau na same shi. Na ce, "Manjo, ka yi wauta. Ka manta ana yin sanyi a garin nan?"

"Ban manta ba."

"To?"

"Wataƙila allon ya zo min a makon da ba ta zuba ba."

Haka kuwa aka yi ta dacewa. Kaka ta wuce, ya share ganyayensa tas. Allon ya zo masa farkon Disamba, ruwan sama kawai aka yi. Har na fara cewa Allah yana son tsohon nan. Sai Janairu. Allon yana ƙofarsa, sama ta buɗe.

Mu masu burodi mu ne farkon fita a unguwa. Na sauko ina ɗaura gyale, sai na tarar da ƙofar gida a buɗe, sanyi yana shigowa, shi kuma yana zaune a matakalar ƙarshe cikin kwat da hula. Sheburin yana jingine a bango. Waje fari fat, ta kai ƙauri, ko sawun kyanwa babu.

"Tun yaushe kake nan?"

"Na ɗan jima."

"Miƙo shi. Kafin ka ƙifta ido na gama, ba wanda zai sani."

Ya nuna min ƙofar Frau Kienzle da haɓa. Haske yana fitowa ta ƙarƙashinta.

"To sai me? Na ce mata motsa jiki nake yi."

"Ko ba ta gani ba, ni na gani. Na ba yaron hannuna."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wai kai me shebur ya yi maka ne? Cizo yake yi? Ka yi Faransa, ka yi Rasha, an rataya maka ƙarfe a wuya, amma ɗan wannan abin ya gagare ka. Za su kai ka Hannover su zaunar da kai gaban talabijin da bargo a gwiwa, kabarin matarka ya bushe, saboda girman kai."

"Ba girman kai ba ne."

"To mene ne?"

Ya matsa gefe, ya buga matakalar da tafin hannu. Na zauna, duk da na san na makara.

"Sanyin ƙarshe ne kafin komai ya rushe," in ji shi. "Muna ja da baya. Hanya ɗaya ta rage mana, ita ma ƙanƙara ta binne ta har ƙirji. Motoci cike da masu rauni, ba sa gaba ba sa baya, Rashawa kuma suna tafe. Akwai wani ƙauye a gefen hanyar. Ba maza a cikinsa, wasu suna bakin daga, wasu mu muka kashe su. Na ce a fito min da duk wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa."

"Umarni aka ba ka?"

"Na so a ce haka ne. Dabarata ce. Har yaba min aka yi."

Yana maganar yana kallon waje, ba ni ba.

"Mata ne, da tsofaffi, da 'yan mata kamar ke. Shebur bai isa ba, wasu da murfin tukunya, wasu da ƙyauren kabad. Suna gaba suna buɗe hanya, yarana suna bayansu da bindiga, motoci suna biye. Tun safe har rana ta faɗi. Ba sa kuka, ba sa magana. Ƙarar kawai kake ji, ƙarfe yana kankarar ƙasa. Da muka iso babban titi muka hau motocinmu muka tafi."

"Su kuma?"

"A nan muka bar su. Nesa da gida, duhu ya fara." Ya ɗaga hannunsa mai yatsa uku. "Ni da nake da safar hannu ga yadda ranar ta yi min. Su tsumma suka naɗa. Ban san nawa suka kai gida ba. Ban juya na duba ba. Mutanena sun tsira, ɗaruruwa, wasu har yau suna nan da jikokinsu. A kan wannan aka ba ni lambar. Da ake karanta dalili an ce jarumta da saurin tunani. Ba a ambaci mata ba."

Na zauna ina kallonsa. Wannan fa shi ne mutumin da ya gyara min famfon kicin, wanda yake ajiye min gefen kek mai ƙonewa don ya san shi nake so. Ina son na rungume shi, ina kuma son na tashi daga kusa da shi.

"Mugun abu ka yi, Herr Renz."

"Na sani."

"Frau Irmgard ta sani?"

"Ita kaɗai. Sanyin farko da na dawo na fito da shebur, na kai shi ƙasa sau ɗaya, sai ta same ni a durƙushe ina amai. Na gaya mata a ranar. Ta karɓa, ba ta sake ba ni ba."

Ni dai abin da ya zo bakina shi nake faɗa, haka aka halicce ni. Na ce, "Wato dai ka sa mata sun kwashe maka ƙanƙara a Rasha, ka dawo gida ka samu wata ta ɗora daga inda suka tsaya, shekara arba'in da wani abu. Yanzu ga ni nan ni ma ina roƙonka ka ba ni."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe tsohon mutane. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Idonsa ya kawo ruwa, amma wani abu mai kama da dariya yana girgiza masa kafaɗa.

"Irmgard ba ta taɓa faɗa min haka ba."

"Ita tana da tarbiyya."

"Ta dai yi tunaninsa. Na tabbata ta yi."

Ya kama ƙarfen matakala ya miƙe. Ya ɗauki sheburin kamar mai ɗaukar maciji, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Riƙe min bayan kwat. Ƙafar nan ba ta da amana."

Na cusa hannu a bel ɗin kwat ɗinsa na damƙe.

"Kuma ki yi magana."

"Maganar me?"

"Kowace iri. Da ƙarfi. Kar ki bari na ji shi."

Tun da nake ba a taɓa roƙona na yi surutu ba. Na buɗe baki na kama Uwe, saurayina na lokacin. Na ce mutumin nan babur ɗinsa yana da bargo ni ba ni da shi. Ya zo ɗakina ya cinye abin da na dafa tas, ya side cokali, sannan ya ce na uwarsa ya fi gishiri daidai. Sheburin ya shiga, ya yi ƙarar nan, na ji duk jikin tsohon ya ƙage ta cikin kwat. Na ƙara murya. Na ce ranar haihuwata abin da ya kawo min hular kwano ce, kuma ta tsohuwar budurwarsa ce, har da gashinta a ciki. Ya watsar da ɗiban farko gefe. Ya sake kai wa.

Haka muka yi ta tafiya, shi a gaba ni a baya, kamar mai koya wa yaro tafiya. Na gama da Uwe na koma kan matar maigidanmu mai gashin baki, na koma kan tsofaffin da suke latsa burodi ɗaya bayan ɗaya sannan su ce na jiya ne. Wajen tsakiya ya tsaya cak, ya jingina da sheburin, kansa a ƙasa. Bakina ya mutu, na rasa ta cewa.

"Da kika ga gashin," in ji shi, murya can ƙasa, "me kika ce masa?"

"Na ce ya mayar mata, wataƙila tana nemansa."

"Ci gaba."

Na ci gaba. Gari ya fara haske lokacin da muka kai iyakar maƙwabta. Ya juyo yana haki, fuskarsa sharkaf, ban tambaye shi ko gumi ne ba. Hanyar ta fito siririya, a ɗan karkace, ba irin aikinsa na matakala ba, amma mutum biyu za su wuce.

Sai ga Frau Kienzle ta fito cikin rigar ɗumi da silifas, hannu a ƙirji. Ta taka daɓen daga wannan kai zuwa wancan tana duba ƙasa kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Ta dawo ta tsaya.

"Gaban duroman, Herr Renz."

"Gaskiyarki, Frau Kienzle."

Muka koma muka kwashe gaban duroman. Kafin mu juyo ta fito da bokitin yashi ta dire a bakin ƙofa, ta ja da baya, don ko watsa yashin ma nasa ne. Ya watsa. Ni kuwa na kasa haƙuri, na tare ta.

"Za ki buga wa Volker?"

"Wa ya riƙe sheburin?"

"Shi."

"To na buga na ce me? Ni dai tun da nake ban taɓa jin an hana riƙe wa mutum kwat ba." Ta dube ni sama da ƙasa. "Amma wannan bakin naki, yarinya, unguwa kaf ta san Uwe yanzu. Kuma makonki na tafe, a ɗaga tabarmi."

Na isa shago a makare, maigida ya yi ta faɗa, na ce masa ya rubuta a jarida.

Makon nan kamar da gayya, kusan kullum sai ta zuba. Kullum na sauko na same shi a tsaye, ba a zaune ba, ya juya min baya ya ɗaga hannuwa kaɗan don na kama bel. Bai zo masa da sauƙi ba ko sau ɗaya. Akwai safiyar da sai da ya koma ciki ya zauna kafin ya iya ƙarasawa. Labaraina suka ƙare na shiga ƙirƙira, na aurar da matar maigida ga mai kawo fulawa, na sake ta, na mayar da ita. Bai sake ɗauko maganar ƙauyen nan ba, ni ma ban ce masa komai ya wuce ba. Ba ni aka yi wa ba, waɗanda za su iya yafewa kuma ba sa nan.

Ran Lahadi Volker ya gaji da jira ya bugo wa Frau Kienzle da kansa, ya ga ƙanƙarar a labarai. Wayar Frau Kienzle a bakin ƙofarta take, ita kuma in tana waya sai ka ce da mutumin da ke tsallaken kogi take magana. Muna tsaye a hawa na biyu, ni da tsohon, muka kasa kunne.

"Mahaifinka ya fitar da makonsa. A'a, shi da kansa. Herr Volker, ni ce fa, in na ce an share to an share."

Herr Renz ya sauke numfashi, ya dafa bango. Sanyi uku ya ƙara yi a gidan nan bayan wannan, yana zuwa bayan coci da la'asar, kuma a kan gadonsa ya cika, ba a Hannover ba. Amma ranar nan ba mu san haka ba. Ya ɗan tsaya, ya gyara wuyan rigarsa, ya fara hawa sama. Ya yi taku kaɗan sai ya waiwayo.

"Fräulein Silke. Shi wannan Uwe ɗin. Ki rabu da shi."

"Ba na karɓar umarni daga Manjo."

"Shawara ce."

Kafin Ista na sallame shi, shi da hular kwanonsa.